Shekara Goma Ban Kira Sunanta Ba

Ni ba marubuciya ba ce. Boko da girmana na koye shi, a makarantar matan aure da aka buɗe mana bayan an ƙaddamar da shari'a, shi ma don in riƙa karanta sunan magani da lambar waya. Amma tun da muka rufe 'yata, duk macen da ta shigo gaisuwa abu ɗaya take faɗa: haƙuri A'i, kwana ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare. Sai dai akwai abin da ya faru kafin ƙarewar tasa, kuma in ban faɗa ba wata za ta taka inda na taka. To ga shi nan yadda ya zo, ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba.

Ita ce 'yar farina. Kowa ya san hukuncin ɗan fari a wurinmu. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Mu a tungarmu, nan gefen Kaoje, abin ya fi na ko'ina tsanani, don mun cuɗanya da Fulani mun sha kunyarsu, muka ɗora a kan tamu. Ni kuwa har misali ake yi da ni. In wata amarya ta yi wa ɗanta na fari wasa, sai a ce mata ta je ta ga A'i. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji.

Ina ɗauke da cikinta, da ya yi nauyi aka mai da ni gidan iyayena, wata tungar masunta a hayin Benin, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Zazzaɓi ya kama ni a can ya ƙi saki, cikin yana wata bakwai da 'yan kwanaki naƙuda ta taso. A wani ƙaramin asibitin haihuwa na can na sauka. Ungozomar babbar mace ce, 'yar Dandawa mai jin Hausa sarai. Ta ɗora jaririyar a sikeli, ta rubuta wani abu da Faransanci a kan kati mai ruwan ɗorawa, ta zo ta tsaya a kaina.

"Kilo guda da rabi," in ji ta. "Ki riƙe takardag ga awa ranki. Ɗiyan da anka haihwa ƙanana haka, ko sun girma jikinsu bai mantawa. Duk likitan da za shi duba ta, ko tana da shekara ashirin, ki hwaɗa mai kilo guda da rabi taz zo. Kin jiya?"

Na ji. Amma gwaggonnina biyu suna tsaye a wurin, saboda haka na juya fuskata bango kamar ba da ni ake ba. Da muka koma na tura katin ƙarƙashin babbar kwallar jerena.

Uwar mijina, wadda duk gidan muke ce wa Inna, ta zo suna a kwale-kwale. Ta buɗe zani ta leƙa, ta yi dariya har da hawaye. "Wagga ba ɗiya ba ta, kawara ta!" Kawara ɗan ƙaramin kifin nan ne mai sheƙi da ake zubawa a gyara. Sunan ya bi ta, har mutane da yawa ba su san tana da na yanka ba.

A nan dole in tsaya in gode wa Inna, don in ba ita ba da ba a kai ga wannan labari ba. Babu wanda ya sa rai yarinyar za ta yi arba'in. Inna ta sa ta a ƙirjinta, fata da fata, ta ɗaure da zani, ta zauna gindin bandar kifi inda ɗumi yake, wata biyu cur. Ni in tatsa a ƙoƙo a bayan ƙofa, ita ta ba ta da cokali, ɗigo-ɗigo. Da aka yaye ta sai ta koma ɗakin Inna ɗungurungum. Ta tashi tana kiran Inna da Inna, ni kuma tana ce mini Adda, kamar yayarta. In zan aike ta sai in ce "ke", in zan yi maganarta in ce "ta ɗakin Inna".

Ba ta taɓa kamo sa'o'inta ba. Sai da ta kusa shekara biyu ta yi tafiya. Duk sanyi sai ƙirji ya kwantar da ita. Ƙanenta da na haifa bayanta da shekara uku ya zo ya wuce ta a tsawo. A makarantar allo sai ta yi sati uku a kan abin da wasu ke wankewa a kwana biyu. Amma baki, Allah ya ba ta. In aka ce mata tsigi sai ta ce tsigi ba ya faɗawa tarkon zaki. Wajen fiɗar kifi kuwa ko manyan mata ba sa kamo hannunta. Muka ce ai haka Allah ya yi ta, ƙarama ce kawai, kuma ƙanƙanta ba ciwo ba ce.

Tana shekara takwas ciwon kai ya fara. Akwai masu tallan magani da ke shigowa daga iyaka a kan keke, ƙwayoyi ja da fari a leda, masu araha. Duk ranar da ta riƙe kai Inna ta saya ta ba ta biyu, ya lafa, jibi ya dawo. Sannan ta koma fitsarin kwance, abin da ta daina tun tuni. Da yake bayan Inna ya fara ciwo, ni nake wanke tabarmar, ni nake zubar da kaskon. A nan na ga kumfa. Fitsarin yarinya yana kumfa kamar an kaɗa sabulu, kuma kumfar ba ta kwanciya. Damina biyu ina ganin wannan kumfa. Na faɗa wa wa? Uwar da ke leƙa kaskon 'yar farinta har ta zo tana ba da labari, ai ta gama zubar da mutuncinta a tunga.

Malaminmu na makarantar matan aure ya taɓa yi mana magana a kan wannan. Ya ce kunyar ɗan fari al'ada ce, ba addini ba, kuma ɗa amana ne a wuyan uwarsa ko na fari ne ko na goma. Muka rufe baki da hijabi muna dariya. A hanyar gida wata ta ce Malam bai taɓa zaman gidan miji ba. Ni na fi kowa dariya.

Ciwon da ya tafi da ita ya fito fili ne bayan an gama yankan shinkafa, tana shekara goma.

Satin farko murna aka yi. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kamar in kurma ihu. Kawara ta wayi gari kumatunta sun ciko. Kwana uku, awarwaron da kullum ke zamewa daga hannunta ya tsaya cak. Rigarta ta matse ta. Inna ta fito tsakar gida tana guɗa. "Ku zo ku gani! Kawara ta zama giwan ruwa!" Ta soya ƙosai ta yi sadaka. Maigidana, wanda shi ma kunyar ta hana shi kallonta ido da ido, ya dawo daga kasuwa da yadi ya ajiye a ƙofar Inna ya wuce. Shekara goma muna jiran yarinyar nan ta yi ƙiba, ga ta ta yi. Ita kanta sai juyi take a gaban madubi.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wata rana bayan azahar tana barci a rumfa, babu kowa, na durƙusa na danna ƙaurinta da babban yatsa. Da na ɗaga, ramin ya zauna. Na ƙirga har ashirin bai ciko ba. Na san wannan ramin, don haka ƙafata ta yi lokacin cikinta. Ƙiba ba ta haka.

Na sami maigidan yana ɗinkin komar kamun kifi a zaure.

"Malam, yarinyac can..."

"Wace?"

"Ta ɗakin Inna. Jikin nan nata..."

Bai ɗago ba. "Inna na nan, ko?"

"Tana nan."

"To."

Shi ke nan maganar da uwa da uba suka yi a kan 'yarsu a satin farko.

Sati na biyu amai ya fara. Da safe idanunta ba sa buɗuwa sai rana ta ɗaga. Murna ta koma salati, masu shawara suka cika gida. Wata ta ce ciwon shawara ne, a jiƙa saiwa. Wata ta ce sanyin ruwa ne, a dama mata kunun kanwa mai kauri. Ƙanwar Inna ta zo takanas daga Zagga ta ce baki ne: yarinya ta yi ƙiba an yi ta yabo babu tubarkalla, me ake jira? Wannan ita ce maganar da kowa ya kama, don ta yi daidai da abin da aka gani. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka ɗura mata kanwa safe da yamma. Ni nake dama kunun da hannuna.

Sati na uku aka ce a kai ta wurin wani mai kemis a kasuwar wani ƙauye, wanda ake cewa allurarsa ba ta ƙarya. Ran nan da asuba na ɗaga kwalla na zaro katin nan, ya yi laushi, gefensa ya ci. Na ƙulle shi a haɓar zani. Na ce yau kam zan nuna. Da muka isa Inna ta shige da ita, ni na tsaya daga waje da goyo, kamar yadda ya dace da uwar 'yar fari. Labule ne kawai tsakaninmu, ina jin komai.

"Lahiya anka haihe ta?" in ji mai kemis.

"Lahiya lau," in ji Inna. "Ƙanƙanuwa dai taz zo, amma ni nir rene ta."

Bai bi ta kan maganar ba. Ya ce taifot ne, allura kwana biyar, da ƙwayar ciwon jiki. Hannuna yana kan ƙullin zanin. Taku biyu ne. Akwai mata 'yan tungarmu uku a kan benci suna jiran layi, ɗaya ma ita ce wadda ta ce Malam bai yi zaman gidan miji ba. Na tsaya har aka fito. Na koma gida da katin yadda na fita da shi.

Sati na huɗu fitsarin ya ragu, ɗan abin da ke fita kamar ruwan shayi. Cikinta ya yi tulu. Sai a lokacin maigidan ya yi magana da babbar murya, ya ce asibiti. Muka haye zuwa na gwamnati. Mun isa da hantsi, ba mu ga kowa ba sai bayan la'asar, tana kwance a cinyar Inna a layin mata, mahaifinta yana can layin maza yana leƙe. Wata nas ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, abin ya yi mata yawa sai da aka naɗe shi sau biyu. Ta auna, ta sake, ta kira wata ita ma ta auna. Na ji tana cewa wannan ai awon tsoho ne mai hawan jini. Allah ya saka wa matar nan, ba ta ɓata mana lokaci ba. Ta ce abin ya fi ƙarfin nan, mu wuce birni gobe-goben nan.

Ba mu wuce gobe ba, sai bayan kwana shida, da aka sami mai sayen shinkafar da muka ajiye ta ci.

A birni na san abin da ake kira layi. Layin kati, layin jini, layin fitsari, layin hoto. Ka kai gaba a ce mai yi ya tashi. Ka dawo gobe a ce wuta ta ɗauke. Kwana huɗu muna kwana a barandar asibiti kafin takardun su haɗu. Likitar da ta gan mu yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta irin ta rediyo. Ta daɗe tana duba takardu, sannan ta ɗago.

"Wace ce mahaifiyarta?"

"Ni ta," in ji Inna.

Likita ta dube ta, ta dubi furfurarta. "Mama, wadda ta haife ta nake nufi."

Ina bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Kawara ce ta ɗaga hannunta mai kumburi ta nuna ni. "Adda ta."

"Matso kusa. Cikinta ya cika wata tara? Kin san nauyinta da aka haife ta?"

Na kwance haɓar zani na miƙa mata katin. Ta buɗe a hankali don kada ya yage. Ba ta jin Faransanci, amma lamba lamba ce. Ta ajiye biro.

Maganar da ta yi ta zauna mini daram, zan iya maimaita ta ko a barci aka tashe ni. Ta ce a cikin ƙodar mutum akwai 'yan ƙananan matatai masu yawa, su ke tace jini. Ta ce a watannin ƙarshe na ciki ake gama yin su, kuma daga haihuwa ba a ƙara ko ɗaya. Wanda ya fito da wuri, ƙarami, da kaɗan yake fitowa. Yana jariri kaɗan ɗin suna isarsa. Yana girma aiki yana ƙaruwa, su kuwa ba sa ƙaruwa, kamar a bar wa mace ɗaya surfen gidan biki. Ba kowane ne abin ke kamawa ba, ta ce, amma irin waɗannan yara ana sa musu ido, ana auna jininsu da fitsarinsu lokaci-lokaci, ana hana su ƙwayar ciwon kai barkatai da kanwa da gishiri mai yawa. Duk abin da ta lissafa a hana, shi muka ɗura mata.

"Fitsarinta yana kumfa?"

Inna ta ce ba ta lura ba. Likita ta dube ni.

"Yana yi," na ce.

"Tun yaushe?"

"Damina biyu."

Inna ta juyo gaba ɗaya. Tun da na shigo gidanta ba ta taɓa kallona haka ba. "Kin gani, A'i? Kin gani kiy yi shiru?"

"Inna, da wane baki za ni hwaɗi?"

Ta kau da kai.

Na yi ƙarfin hali na tambayi likita, da mun zo tun lokacin fa? Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba mai iya ƙara wa yarinya abin da ba a halitta mata ba. Amma da an rage wa matatan aiki tun da wuri, da wataƙila ta sami shekaru. Shekaru. Kalmar nan ita nake tauna har yau.

Aka ba mu gado. Sati biyu muka yi a ɗakin yara. Inna ba ta iya kwanan ƙasa, saboda haka jinya ta dawo hannuna, kuma a nan ba wanda ya san mu balle ya yi mini dariya. Na yi mata wanka, rabona da haka tun tana cikin zanin goyo. A nan na ga tana da wani ɗan tabo a bayan kunne irin nawa sak. Shekara goma ban sani ba.

Abin da ya fi ci mini rai ruwa ne. Aka ce kada ta sha fiye da ɗan kofi kaza a yini, aka ja layi a jikin kofin. Yarinyar da aka haifa a bakin Kwara, wadda ta iya iyo kafin ta iya karatu, ita ce ke roƙon kurɓi ɗaya. "Adda, ko jiƙa min baki." In tsoma tsumma in shafa mata a leɓe, ta tsotse tsumman. Aka hana gishiri, aka hana kifin banda. Ta kalli farar shinkafa ta ce wannan ko akuyar Inna ba ta ci. Bakin nan dai bai mutu ba.

Da magani ya kasa aka ce sai wankin ƙoda, a Sakkwato. Maigidan ya sayar da injin jirginsa. 'Yan kwamitin zakka na garinmu suka taimaka da abin da ya sawwaƙa, masunta 'yan uwansa suka yi karo-karo, har direban da ya kai mu ya ƙi karɓar kuɗin kujerarta. Allah ya biya su. Amma zan faɗi wannan ma: babu wanda ya zaunar da mu tun a birni ya gaya mana mene ne wankin ƙoda. Mu mun ɗauka kamar wankin ciki ne, a yi sau ɗaya a tashi. An yi mata na farko, kumburi ya saɓe, ta zauna ta ci abinci, har ta tsokani wata nas. Mahaifinta ya fita waje ya yi sujada. Bayan na biyu ya tambayi likitan wurin saura sau nawa ta warke. Likita ya ce ba warkewa ake yi ba, riƙewa ake yi, duk sati, har iyakar rai. Na ga maigidana ya dafa bango. Mutumin da ke tsayawa a kan jirgi cikin igiyar ruwa ko gezau, ran nan bango ya riƙe shi.

An yi na uku. Ba mu da na huɗu. Muka dawo gida.

Kwana tara ta yi a gida. Kumburin ya dawo, numfashinta ya koma wani irin wari, barci ya yi yawa. Masu shawara suka sake cika gida, amma yanzu Inna ce ke korarsu. Ta fasa tukunyar jiƙon da kanta.

Ranar Lahadi da la'asar muna rumfa. Inna tana gefe tana jan carbi, maƙwabta biyu sun shigo dubiya, ni ina ba ta kunu da cokali, mara kanwa. Ta farka sosai ran nan, idonta tar. Ta daɗe tana kallona.

"Adda."

"Na'am."

"Can asibiti kowa na kiran sunana. Likita na kira, nas na kira." Ta huta. "Ke kin san shi kuwa?"

Maƙwabtan suka yi 'yar dariya, irin ta jin wayon yaro.

"Na sani mana," na ce.

"To hwaɗi in jiya."

Wallahi sunan ya taso, ya zo har maƙogwaro. Na ga Inna ta sunkuyar da kai, ta juya mana baya, don ta ba ni wuri. Amma matan nan biyu suna kallona suna murmushi, suna jiran su ga ko A'in da ake misali da ita za ta karya. Bayan birni, bayan Sakkwato, bayan duk abin da likita ta faɗa a gabana. Na ce a raina bari su tafi, yanzun nan za su tafi.

"Ke dai sha kununki," na ce.

Ta sha cokali biyu. Kafin su yi sallama barci ya ɗauke ta. Na ce da safe. Da safe ba ta farka sosai ba, sai ido a lumshe. Da azahar jijjiga ta kama ta, jikinta duka yana karkarwa, haƙora a datse. A nan na kira. Na kira da ƙarfin da duk tunga sai da ta ji, a gaban Inna, a gaban mahaifinta, a gaban maza da suka shigo da gudu. Na yi ta kira har muryata ta dushe. Kwana uku tana kwance ba ta san inda take ba, kwana uku bakina yana kunnenta. Wata tsohuwa ta ce mini mai suma yana ji. Likita ba ta nan balle in tambaye ta. Ban sani ba. Ba zan taɓa sani ba.

Ta cika ranar Alhamis da hantsi.

Bayan an share makoki Inna ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ni nik koya miki, ni ma haka anka koya min. Ki yahe min." Na ce ita ce ta ba yarinyar shekara goma a gindin banda, me zan yafe? Muka yi kuka tare. Ba ta sake hura bandar ba.

To 'yan uwana mata, na Kaoje da na hayi da duk inda wannan takarda ta kai. Ban ce kowane ƙaramin jariri zai bi hanyar tawa ba. Ga su nan da yawa sun girma sun yi aure. Amma in kika haifi ɗan mitsitsi, ki tambayi nauyinsa, ki riƙe lambar, ki faɗa wa duk mai duba shi ko bai tambaya ba. In ya girma yana yawan riƙe kai, a auna jininsa kafin a saya masa ƙwaya a kan keke. Ki leƙa kaskonsa. In ramamme ya yi ƙiba cikin sati ɗaya, kada ki soya ƙosai, ki danna ƙafarsa. In kuwa na fari ne, to masu dariya za su yi dariyarsu su tafi gida su ci tuwo. Matan nan biyu sun zo mini gaisuwa, sun ce in yi haƙuri. Ko tunawa ba su yi ba.

Likita ta mayar mini da katin, yana nan, na daina ɓoye shi a ƙarƙashin kwalla. Na kai wa wani ɗan hayi ya karanta mini, ya ce babu komai a ciki sai rana da nauyi da sunana. Wurin sunan jaririya a buɗe yake, don ran da aka rubuta ba a yi suna ba tukuna. Jiya na ɗauki biron da na yi wannan rubutu da shi na cike wurin. Baƙaƙen sun karkace, amma suna karantuwa.

Ki ji, 'yata. Hafsatu. Sunanki Hafsatu.